Komawar gidajen rediyon gari zuwa tsarin kiɗa na bai-ɗaya

Komawar gidajen rediyon gari zuwa tsarin kiɗa na bai-ɗaya sauyi ne da ya auku a harkar rediyon kasuwanci, musamman a Amurka da Birtaniya. A wannan tsari tasha takan daina zaɓen waƙoƙinta da kanta, ta sallami masu gabatarwa 'yan garin, ta koma watsa shirin da wani kamfani ya haɗa daga nesa ya rarraba wa tashoshi masu yawa. Tashar na nan da zangonta da lasisinta, wani lokaci har da sunanta, amma murya da waƙa daga wani gari suke zuwa.

Asali

Tun a shekarun 1920 kamfanonin NBC da CBS ke aika shirye-shirye zuwa tashoshin Amurka ta wayar tarho, sai dai yawancinsu wasan kwaikwayo ne da labarai da nishaɗi. Da talabijin ya kwashe waɗannan a shekarun 1950, rediyo ya koma dogaro da faifan waƙa da mai gabatarwa ɗan gari, wanda ya san unguwanni da makarantu, yana kuma amsa wayar masu sauraro. Wannan zamanin ne mutane ke nufi idan suna kewar rediyon gari.

A tsakiyar shekarun 1960 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana tashoshin FM na manyan birane maimaita shirin tashar AM ta mai gida ɗaya fiye da rabin lokacin watsawa. Masu tashoshi suka wayi gari da sa'o'in da dole a cike su, ga shi FM ba ta kawo kuɗin talla sosai a lokacin. A nan kamfanonin sayar da kiɗa a tef suka samu kasuwa. Fitacce a cikinsu shi ne Drake-Chenault, na Bill Drake da Gene Chenault, waɗanda suka yi suna da tsarin da suka kafa a tashar KHJ ta Los Angeles a 1965. Akwai kuma kamfanonin Schulke da Bonneville, masu sayar da kiɗa mai taushi wanda yawancinsa babu murya.

Ana aiko wa tasha manyan faya-fayan tef ta gidan waya, a ɗora su a kan na'urori uku ko huɗu da ke jere. A ƙarshen kowace waƙa akwai wani sauti mai ƙasa sosai da mai sauraro ba ya ji, shi ne ke umartar na'ura ta gaba ta tashi, ko ta saka talla, ko ta faɗi lokaci. Ma'aikaci ɗaya ya isa ya sauya tef ya kula da komai dare guda. Shirin mako-mako na American Top 40, wanda Casey Kasem ya fara a watan Yulin 1970, shi ma a faifai ake aika shi.

Tauraron ɗan'adam

Wajen 1981 kamfanonin Satellite Music Network da Transtar suka fara aika kiɗa kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, dare da rana, tare da mai gabatarwa. Irin wannan mai gabatarwa ba ya faɗin ƙarfe nawa, sai dai ya ce minti kaza bayan awa, domin agogon masu sauraronsa ba ɗaya ba ne daga gabas zuwa yamma. Ba ya kuma maganar yanayin sama. Akan bar wa tasha 'yan mintuna a kowace awa ta saka tallan garinta da sunanta, wanda doka ta wajabta a faɗa a farkon awa tare da garin da aka ba ta lasisi. Sau da yawa tasha ba kuɗi take biya ba, wani kaso na lokacin tallanta take bai wa kamfanin. Ƙananan garuruwa ne suka fara rungumar tsarin, don a can albashin ma'aikata ya fi yi wa mai tasha nauyi.

Dokar 1996

Fasahar ta daɗe a ƙasa, amma doka ce ta buɗe ƙofa. Kafin 1996 kamfani ɗaya ba ya wuce tashoshi 40 a duk Amurka, 20 na AM da 20 na FM. Dokar sadarwa da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Fabrairun 1996 ta cire wannan iyaka, ta kuma yarda kamfani ya mallaki har tashoshi 8 a babban birni guda. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara kusan tashoshi 1,200. An sayi da dama daga cikin tashoshin da bashi, kuma rage ma'aikata ne hanya mafi kusa ta biya.

A wannan lokaci ne naɗar murya ta kwamfuta ta yaɗu. Mai gabatarwa kan zauna a birni ɗaya ya naɗi duk maganar shirin sa'o'i huɗu cikin ƙasa da awa guda, kwamfuta ta jera ta tsakanin waƙoƙi, sannan ya sake yi wa wani gari. Akan ba shi sunayen tituna da bukukuwan garin don ya ambata, mai sauraro ya ɗauka yana kusa. Clear Channel ya koma iHeartMedia a 2014, ya kuma nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2018, bashin ya kai kusan dala biliyan 20.

Ba ko'ina sauyin ya karɓu ba. A Yunin 2005 tashar WCBS-FM ta New York ta ajiye tsofaffin waƙoƙi da sanannun masu gabatarwarta ta koma Jack FM, tsarin da ya fara tashe a Kanada. Masu sauraro suka juya mata baya, a Yulin 2007 ta dawo da tsohon salonta. WPLJ ta birnin kuwa ba ta dawo ba: a 2019 an sayar da ita, ta koma K-Love, tashar waƙoƙin addinin Kirista da ke watsawa a faɗin ƙasar.

Birtaniya

A 2018 hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta rage sa'o'in da dole tasha ta haɗa a yankinta. A 2019 kamfanin Global ya maye gurbin shirye-shiryen safe na tashoshin Capital da Heart da shiri ɗaya daga Landan, a Satumbar 2020 kuma kamfanin Bauer ya mayar da gomman tashoshi ƙarƙashin suna ɗaya, Greatest Hits Radio.

Muhawara

Masu goyon baya na cewa tsarin ya ceci tashoshin da da sun rufe. Masu suka na cewa mawaƙan gari sun rasa mafita, matasa sun rasa wurin koyon aiki, kuma babu mai ɗaga waya idan masifa ta auku. Sukan kafa hujja da garin Minot a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, inda jirgin ƙasa ya zubar da iskar ammoniya cikin dare a Janairun 2002, a garin da Clear Channel ke da tashoshi shida. Hukumomin garin da kamfanin sun saɓa kan wanda ya jawo jinkirin gargaɗi.

Halin yanzu

A 2017 FCC ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa tasha ajiye babban ɗakin watsa shiri a garinta ko kusa da shi. Shirye-shiryen gari sun fi saura a rediyon gwamnati da na jami'o'i, da ƙananan tashoshin FM marasa neman riba da hukumar ta ƙirƙiro tsarin lasisinsu a 2000.