Ɗakin holografi na gida da teburin haskensa

Holografi hanya ce ta ɗaukar hoto mai zurfi da hasken leza, wato na'urar da ke fitar da tsantsar haske mai launi ɗaya. Hoton da ake samu, wato hologiram, yana zaune ne a jikin allon gilashi ko fim, kuma idan mai kallo ya karkata kansa sai ya ga gefen abin da aka ɗauka, har ya leƙa abin da ke bayansa. Ba a buƙatar kyamara. Abin da ake buƙata shi ne leza, allo mai shafen da ke jin haske, ɗaki mai duhu, da teburin da ba ya motsi ko kaɗan. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne ya fi ba masu farawa wahala.

Asali

Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari mai aiki a kamfanin British Thomson-Houston a garin Rugby na Ingila, shi ya gano dabarar a 1947 yana neman gyara na'urar ƙara girma mai aiki da elektoron. A lokacin babu hasken da ya dace, don haka aikin ya kwanta har Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya a 1960. A 1962 Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Mishigan suka fito da tsarin haskaka allo daga gefe, a 1964 kuma suka nuna hotunan abubuwa masu zurfi. A 1962 ɗin dai Yuri Denisyuk a Tarayyar Sobiyet ya samar da hologiram da ake gani da farin haske. An ba Gabor kyautar Nobel ta fiziks a 1971.

Shigar aikin cikin gidaje ta biyo ta hannun Lloyd Cross da Jerry Pethick, waɗanda suka yi tebur da akwatin yashi, suka kuma koyar da shi a makarantar holografi da aka buɗe a San Faransisko a 1971. Daga baya Tung Jeong, malami a kwalejin Lake Forest ta Amurka, ya yaɗa amfani da ƙananan leza masu arha.

Abin da ya sa motsi ke ɓata hoto

Haske igiya ne mai tudu da kwari. Idan hasken leza ɗaya ya isa allo ta hanyoyi biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi abin da ake ɗauka, sai su haɗu: inda tudu ya tarar da tudu haske ya ƙaru, inda ya tarar da kwari su kashe juna. Wannan ke haifar da ratsi-ratsin haske da duhu, kuma su allon ke adanawa. Bayan an wanke allon da magunguna, ratsin ne ke karkatar da haske ya sake fitowa kamar yadda ya taso daga abin. Da yake kowane sashe na allon ya karɓi haske daga ko'ina a jikin abin, gutsuren hologiram irin na Leith da Upatnieks yana nuna abin gaba ɗaya, kamar mai leƙen tsakar gida ta kafar zana.

Zango shi ne tazarar tudu da tudu a igiyar haske. Tsawon zangon jan hasken leza mai iskar hiliyom da niyon nanomita 632.8 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A hologiram irin na Denisyuk tazarar ratsi da ratsi cikin shafen ba ta wuce nanomita 200 da ɗoriya ba. Idan abu ko allo ya gusa da rubu'in zangon nan lokacin ɗauka, haske ya koma inda duhu yake, ratsin ya shafe. Hoton kyamara da ya motsa yakan fito dishi-dishi. Hologiram da ya motsa ba ya fitowa sam.

Zafi ma motsi ne. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 tana ƙaruwa da kusan mikromita 12 (mikromita ɗaya nanomita dubu ne) a kowane digiri ɗaya, ta alminiyom kuma kusan 23. Ke nan ƙarfe mai santimita 10 da ya ɗumama da digiri ɗaya ya miƙe kusan zango biyu. Ɗumin hannu kaɗai ya isa.

Teburi

Teburin kamfani, irin na Newport ko Thorlabs, faffaɗan ƙarfe ne sama da ƙasa, tsakiyarsa mai ramuka irin na saƙar zuma, samansa da hujin kusoshi M6 a kowace milimita 25, yana zaune kan ƙafafun iska. Tsadarsa da nauyin jigilarsa zuwa Damagaram sun fi ƙarfin mai aikin gida, kuma ga hoto mai girman tafin hannu ba a ma buƙatarsa. Abubuwa uku yake yi: yana da nauyi, ba ya lanƙwasa, yana kuma rabe da ƙasa. Duk ana iya samunsu da kayan gari.

Teburin yashi akwati ne na katako mai kauri ko na ƙarfen da mai walda ya haɗa. Akwati mai mita 1 a kowane gefe da zurfin yashi santimita 20 yana cin yashin da ya kai kilo 300. Ana ɗora shi kan robobin cikin taya guda huɗu ko biyar, na babur ko na ƙaramar mota, su kuma kan katako da buloli. Wajen hura robobin ne mutane suka fi kuskure. Roba mai tauri tana miƙa girgizar ƙasa kai tsaye zuwa sama. Ana so a hura ta sama-sama, yadda yatsa zai lotsa ta, yadda kuma idan aka tura akwatin zai yi lilo a hankali sau ɗaya ko biyu ya tsaya. Madubai da gilasai ana manna su a kan guntayen bututun roba na famfo, a soke bututun cikin yashi, a juya shi har haske ya faɗa inda ake so.

Yashin kansa sai an zaɓa. Rairayi mai laushi da iska ke tarawa gindin katanga bai dace ba, domin garinsa zai tashi ya zauna kan madubai. Yashin gini mai tsakuwa-tsakuwa ake nema, a tankaɗe, a wanke har ruwan ya fito garau, a shanya ya bushe ƙayau. Yashi mai danshi yana ci gaba da zama yana sauka kwana da kwanaki. A garin da ƙura ta yi yawa, dakalin siminti da aka zuba, aka shimfiɗa masa farantin ƙarfe ana kafa kaya da maganaɗisu, ya fi yashi tsafta, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ya fi dacewa da Damagaram idan akwai hali.

Ba a yarda da tebur sai an gwada shi da tsarin masanin fiziks Albert Michelson. Ana aika leza kan gilashi mai raba haske biyu, kowane rabi ya bugi madubinsa a nisa daidai da na ɗayan, su dawo su haɗu, a buɗa su da ƙwayar gilashi zuwa bango. Jajayen ratsi za su bayyana. Duk ratsi ɗaya da ya gusa, madubi ya matsa rabin zango ke nan, kimanin nanomita 316. Mai gwaji ya zauna ya zuba ido: idan maƙwabta suka fara daka, zai ga ratsin na zabura da kowane saukar taɓarya, idan babbar mota ta wuce sai su narke su dawo, idan suna tafiya gefe guda a hankali ba tsayawa, zafi ne ko robar da ke sace iska. Tebur ya yi idan ratsin suka tsaya cik na tsawon da ya wuce lokacin ɗauka.

Ɗaki a Damagaram

Ɗakin ƙasa ake so, ba bene ba, mai daɓen siminti, nesa da hanyar manyan motocin da ke zuwa Diffa, Agadas ko Kano, nesa da injin niƙa da janareto. Tsofaffin ɗakunan laka masu kaurin bango irin na Birni sun fi ɗakin bulo mai rufin kwano, domin zafin cikinsu ba ya hawa da sauka da sauri, kwano kuwa yana ƙara yana motsi duk lokacin da rana ta buge shi ko ta sake shi. Aibin laka shi ne zubar gari, sai a shafe bango a ɗaura leda ƙarƙashin rufi.

A Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma lokacin ɗauka dole a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, domin iska mai yawo tana lanƙwasa hanyar haske. Disamba da Janairu sun fi daɗin aiki, sai dai su ne watannin hunturu da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi. Ƙwayar ƙura ɗaya kan gilashi tana zana zobba a cikin haske. Ana toshe kafofin taga, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a kife kwali kan kayan. Lokaci mafi kyau shi ne tsakar dare zuwa gabanin asuba.

Leza da allo

Mai farawa ya wadatu da ƙaramar jar leza mai zangon nanomita 650 da ƙarfin da bai wuce miliwat 5 ba. Idan aka cire ƙwayar gilashin bakinta, hasken yana bazuwa da kansa, tsaf. Tana aiki da batir, don haka ɗaukewar wuta ba ta shafe ta ba. Rauninta zafi ne: yana sa zangonta ya yi tsalle, shi ya sa ake kunna ta a bar ta ta daidaita kafin aiki. Mai hiliyom da niyon ta fi natsuwa, amma tana aiki da wuta sama da bolt 1,000. Ko mai miliwat 5 ba a duban cikinta, ba a kuma sa tebur daidai tsayin idon yara. Abin da ya haura haka yana iya ƙona ido kafin ƙiftawa.

Fim ɗin kyamara ba ya aiki, domin ana buƙatar shafen da ke riƙe layi dubbai a milimita ɗaya. Akwai alluna masu gishirin azurfa cikin jelatin, irin PFG-03M na kamfanin Slavich na Rasha, akwai kuma fim mai kama hoto da kansa ba wanki, irin Bayfol HX na Covestro. Na biyun ya dace da garin da ruwa ke wuya, amma yana son haske da yawa, ɗauka ta yi tsawo, nauyin ya koma kan tebur. Duka biyun daga waje ake sayo su, ana ajiye su a firji, a bar kwalin ya ɗauki ɗumin ɗaki kafin a buɗe don kada raɓa ta kwanta.

Ɗauka da wanki

Tsarin Denisyuk ya fi sauƙi. Leza tana nesa da allo kamar santimita 30 zuwa 40, hasken ya ratsa allon ya bugi abin da ke manne a bayansa, ya dawo. Gefen shafen yana fuskantar abin. Kwabbai, makulli, zoben azurfa da dutse suna fitowa da kyau. Fata, ƙwarya, goro da tufafi ba sa yi, ko da aikin dukawan gari ya kai kyau, domin suna shan danshi suna saki, ba sa tsayawa.

Ana tare hasken da baƙin kwali, a kashe fitila sai koriya mai rauni, a ɗora allon, a bar komai ya huta mintuna. Sannan a ɗaga kwalin kaɗan yana nan yana tare hasken, a riƙe shi a sama har girgizar ɗagawar ta mutu, a kawar da shi na daƙiƙun da takardar allon ta nuna, a mayar. Mai aikin ba ya magana, ba ya jingina da tebur.

Magungunan wanki an tsara su ne don ruwa mai kusan digiri 20, jelatin kuwa yana narkewa daga wajen digiri 30 zuwa sama, ruwan da ya wuni a tanki a bazara zai iya kwashe shafen. Ana sanyaya kwanonin cikin ruwan randa ko da ƙanƙara. Haɗin magani da ɗaurayar ƙarshe suna son tataccen ruwa, kuma mai sayen ruwan batir ya tabbata ba mai asid aka ba shi ba. Wasu magungunan kodarwa, masu cire baƙin allo lokacin wanki, suna ɗauke da dikromat, guba ce mai jawo sankara: safar hannu wajibi ce, ba a taɓa kwanon abinci, ba a zubarwa kusa da rijiya ko mashayar dabbobi.

Idan allo ya bushe ana kallonsa da rana ko tocila mai ƙwai ɗaya, daga kusurwar da leza ta haska shi. Doguwar fitila da hazo suna dagula shi. Sau da yawa hoton jar leza yakan fito ruwan ɗorawa ko kore, saboda jelatin ya tsuke; a bushewar rani yana ƙara tsukewa, da damina ya kumbura launin ya koma wajen ja, sai idan an rufe shafen da fenti baƙi ko wani gilashi.

Allon da ya ɓaci yana nuna dalilinsa. Baƙin tabo a wuri ɗaya na abin yana nufin wurin ne ya motsa. Ratsi masu faɗi da suka zagaye abin alamar leza ce da ta yi tsalle. Zane mai kama da jijiyar katako daga haske ne da ya yi ta kai da komo cikin gilashin, ana maganinsa da rufe gefunan allon da baƙin salatif da karkata shi hasken ya sauka a kusurwar Brewster, inda gilashi ke rage mayar da haske, wajen digiri 56. Idan babu komai, a koma gwajin Michelson kafin a ɓata allo na biyu.