Azithromycin da 'yan'uwansa: tambayoyi kafin ka nufi kemis

Mene ne macrolide?

Dangi ne na magungunan da ke yaƙar ƙwayoyin bakteriya, azithromycin ɗaya ne daga cikinsu. Babban wansu shi ne erythromycin, wanda aka samo a 1952 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a Iloilo ta ƙasar Filifin. Daga jikinsa aka sarrafa clarithromycin a Japan, da azithromycin a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya.

Yaya suke aiki?

Bakteriya ba ta rayuwa sai tana ƙera furotin. Maganin yana shiga ya toshe wurin da take ƙera shi, sai ta daina yaɗuwa, garkuwar jiki ta ƙarasa da ita.

Wane ciwo ake ba da su?

Ciwon huhu, tarin shiƙa, wasu nau'o'in ciwon sanyi, da ciwon makogwaro ga wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin. Clarithromycin kan shiga haɗin maganin gyambon ciki. Azithromycin kuwa shi ake rabawa ƙauye-ƙauye don kawar da amosanin ido. Wani bincike da aka fitar a 2018, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ya nuna raba shi ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu, kuma a Nijar raguwar ta fi yawa, kusan kashi 18 cikin ɗari.

To me zai hana in sha idan mura ta kama ni?

Nan ne ɓarnar take. Mura bairos ke kawo ta, maganin nan ba ruwansa da bairos. Lokacin korona an yi ta shan azithromycin, daga baya gwaji ya nuna bai taimaka ba. Mutum ya shiga kemis da hanci yana yoyo, a miƙo masa katin ƙwaya uku, bayan kwana huɗu ya warware ya ce maganin ne, alhali murar ce ta gama kwanakinta. Abin da ya samu kawai, bakteriyar jikinsa ta fara sabawa da maganin, ranar da ciwon huhu ya zo kuma ya ƙi ji.

Me ya sa azithromycin kwana uku kawai ake sha?

Yana daɗewa a jiki, yana ci gaba da aiki kwanaki bayan ƙwaya ta ƙarshe.

Suna da illa?

Tashin zuciya, murɗar ciki da gudawa, musamman erythromycin. Mafi haɗari, suna iya dagula bugun zuciya. Mai ciwon zuciya, ko mai shan simvastatin don rage kitsen jini, ya gaya wa likita kafin a rubuta masa clarithromycin ko erythromycin.