Waiwaye: su wa ke zama a teburin hukumomin ruwa na Bauchi da Gombe?

Duk lokacin da aka fitar da sunayen mambobin hukumar gudanarwa ta wata ma'aikatar ruwa, ko shugabannin wata ƙungiya ta masu harkar ruwa, abin da jama'a ke fara dubawa shi ne ɗan wace ƙaramar hukuma ne, kuma yaron wane ne a siyasa. Da wuya ka ji an tambayi abin da mutumin ya karanta, ko aikin da ya taɓa yi da hannunsa. Alhali kuwa tarihin ruwa a Bauchi da Gombe ya nuna cewa sana'ar waɗanda suka cika teburin ita ke yanke abin da za a gani da abin da za a tsallake. Kowane zamani da irin mutanen da ya ɗora, kuma kowannensu ya bar tabonsa a ƙasa.

A zamanin Turawa babu wata hukumar gudanarwa. Sashen binciken ƙasa da aka kafa a 1919 shi ne ya fara ɗaukar neman ruwan ƙarƙashin ƙasa a Arewa a matsayin ilimi, masana duwatsu na nuna wuri, mahaƙan gargajiya na haƙa, ana ɗaure rijiyar da kankare. Daga baya aikin ya koma hannun sashen ayyuka, En'e kuma na kula da na ƙauyuka. Mutumin farko da aka fara saurara a kan ruwa, ke nan, masanin duwatsu ne, kuma a wannan yanki akwai dalili.

Garin Bauchi a kan dutse yake zaune, har masana sun raɗa wa wani nau'in dutsen wurin suna daga sunan garin. A irin wannan ƙasa ruwa na maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Rijiyar burtsatse biyu na iya kasancewa taku hamsin tsakaninsu, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta fito ƙura. Da ka nufi Alkaleri, Akko, Kwami da Dukku sai labari ya juye: yashi ne mai kauri da ake kira shimfiɗar Kerri-Kerri, ruwan yana can ƙasa sosai, ya wuce inda famfon tuƙa-tuƙa ke iya ɗagowa, domin irin waɗanda aka fi girkawa a ƙauyuka ba sa wuce mita 45 zuwa 50. Shimfiɗar Pindiga yumɓu ce, ba ta sakin ruwa. A wajajen Kaltungo kuwa ana samun ruwan, amma a wasu wurare sinadarin fulorayid ya haura miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, shi ne ake ganin haƙoran yara sun dafe. Hukumar da ba ta da mai wannan sani sai ta fitar da kwangilar rijiyoyi ɗari a kan zurfi ɗaya da farashi ɗaya, kamar ana rabon buhun taki.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 shi ya sauya fuskar teburin. A 1973 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna biyu, ta Tafkin Chadi da ta Sakkwato-Rima, a 1976 aka mai da su goma sha ɗaya. A shekarar ce kuma aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, wadda Gombe ke cikinta har zuwa 1996. Ruwan tsohuwar jihar ya rabu gida biyu: ɓangaren Kogin Gongola yana ƙarƙashin hukumar Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola, ɓangaren Jama'are kuma yana ƙarƙashin ta Haɗejiya-Jama'are mai hedikwata a Kano. Kuɗin mai ya shigo, zamanin injiniyan gine-gine ya kama. Dam ɗin Dadin Kowa a kan Gongola, da na Balanga, da na Gubi wanda ke shayar da garin Bauchi, duk 'ya'yan wannan tunani ne.

Ba a raina aikinsu ba, ganuwar tana nan tsaye. Amma a dubi Dadin Kowa. An kammala madatsar a shekarun 1980 da nufin noman rani da wutar lantarki da ruwan sha. Ruwan shan bai isa garin Gombe ba sai a zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, tashar lantarkin mai megawat 40 ta jira fiye da shekara talatin, filayen noman rani kuma kaɗan aka shimfiɗa wa magudanai. Gaskiya ne faɗuwar kuɗin mai da tsuke bakin aljihu na 1986 sun taka rawa. Sai dai akwai kuma halin teburin da masu gini suka cika: aiki a wurinsu yana ƙarewa ne ranar da aka yanke kyalle. Wa zai ja ruwan, wa zai biya, wa zai yashe magudana bayan damina uku, waɗannan tambayoyin wasu ne da ba a gayyato ba. Masana aikin gona ma da suka shigo hukumomin kogunan ba su daɗe da ƙarfi ba. A 1984 aka ƙara yawan hukumomin zuwa 18 aka haɗa musu raya karkara, a 1987 aka dawo da su 11 aka cire hannunsu daga yin noma kai tsaye.

Aikin dam ɗin Kafin Zaki, a ƙasar Ningi, ya koyar da wani darasin. An ba da kwangilarsa a zamanin Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da shi a zamanin Babangida, aka sake tsayarwa a zamanin Abacha. Gardamar da ta biyo baya ta wuce ta siminti. Bayan madatsun Tiga da Challawa sun tare ɓangaren Kogin Haɗejiya, Kogin Jama'are ne ya rage yana kai ambaliyar da fadamun Haɗejiya zuwa Nguru ke rayuwa a kanta, don haka mutanen Yobe da Borno suka ce in an datse shi su sun shiga uku, mutanen Bauchi kuma suka ce ai su ma suna da haƙƙin noman rani. Raba irin wannan gardama sai mai auna gudun kogi da ke riƙe da alƙaluman shekaru masu yawa, da masanin muhalli, da lauya, da wakilin masunta da na makiyaya. Sai a 2006, a taron Damaturu, jihohi shida da suka haɗa wannan kwari, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince da asusun haɗin gwiwa na kula da shi.

A matakin jiha kuwa, kujerar shugaban hukumar ruwa ta daɗe tana cikin kujerun sallamar 'yan siyasa. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne. Ma'aikatar ruwa ta tarayya ma ta ga kowane iri: Kanar Bello Kaliel, gwamnan soja na farko na Jihar Bauchi, ya riƙe ta daga 1999, Mukhtar Shagari lauya ne, Suleiman Adamu injiniya. Ɗan siyasar da ya san ƙofar ofishin kasafi yana iya fito da kuɗin dizal da injiniya goma ba za su iya fitarwa ba. Matsalar tana zuwa ne idan duk teburin irinsa ne, babu mai iya karanta rahoton da manaja ya ajiye musu, sai a sha shayi a sa hannu.

Daga shekarun 1990 aka fara wata sabuwar magana, cewa ruwa kaya ne mai tsada da dole a yi lissafinsa. Taron Dublin na 1992 ya fito da ita fili, dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993 da manufar ƙasa kan ruwan sha da tsafta ta 2000 suka biyo baya. Nan akanta da lauya suka samu kujera. A shekarun 2010 aka sake wa hukumar ruwa ta Bauchi doka ta koma kamfanin gwamnati, jihar kuma ta shiga shiri na uku na Bankin Duniya kan gyaran ruwan birane tare da Ekiti da Ribas. Gombe na cikin jihohi bakwai na shirin SURWASH, na ruwan sha da tsafta a birane da ƙauyuka, da bankin ya amince da shi a 2021.

Abin da akanta ya kawo shi ne tambayar da ba a saba yi ba: ruwa nawa ya fita daga matata, nawa aka rubuta wa takardar biya, nawa aka karɓa? Bambancin na farko da na biyu shi ne ruwan da ya tafi a banza, ta fashewar bututu, ko jonin sata, ko gidajen da ba su cikin rajista. Ba a iya sanin wannan sai da babbar mita a bakin matata da a kan manyan layuka, shi ya sa mamban da ya san aiki yake fara tambayar ko mitocin suna juyawa kafin ya kalli jadawalin kuɗin shiga. Amma akanta shi ma yana da makantarsa. Idan aka ce a rage kashe kuɗi, kuɗin sayen alif da kulorin na tace ruwa ne ke fara shan wuƙa, saboda a takarda suna kama da kayan masarufi. Mai ilimin haɗa sinadarai ne zai ce a'a. A watan Agusta ruwan dam yana zuwa jajir da laka, adadin alif ɗin da ya isa a watan Maris ba zai kwantar da ita ba, dole a riƙa gwajin kwalabe ana daidaita awo. In lakar ta wuce, matatun yashi sun toshe, kulorin kuma ya ƙare a kan datti kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta. Abin da ake nema shi ne ragowar kulorin ta kai kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a famfon ƙarshen layi, ba a bakin matata kaɗai ba. Kuma layin da ake ba ruwa yau a ɗauke gobe yana zuƙo ruwan kwata ta wuraren da ya tsage duk lokacin da ya zama fanko. Jami'in lafiyar jama'a ya san alaƙar wannan da amai da gudawa, saura a ba shi kujera.

Kujerar da aka fi mantawa da ita tun 1976 ita ce ta mai gyara, wato injiniyan injina da na lantarki. Garin Gombe ya fi Dadin Kowa tudu, ruwan turo shi ake yi da famfuna nisan kusan kilomita 40. Ran da wuta ta faɗi ko famfo ya ƙone, ko da dam ya cika ya batse, 'yan garuwa ne ke cin kasuwa. Kalmar Injiniya a gaban suna ba ta faɗin komai a kan wannan. COREN, majalisar rajistar injiniyoyi wadda aka kafa a 1970, tana yi wa mai gina gada da mai haɗa na'urar sadarwa rajista duka, masana duwatsu kuma tasu majalisar daban ce, COMEG, tun 1990. Cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Kaduna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kwalejin fasaha ta tarayya a Bauchi sun yaye mutanen da suka san famfo ciki da bai, galibinsu dai suna ƙarewa ne a matsayin ma'aikata masu jiran umarni.

A ƙasa can kuma wani teburin ya tsiro: ƙungiyoyin fadama tun shekarun 1990, kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka da RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ke kafawa, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani irin waɗanda shirin TRIMING na gyaran noman rani ya ƙarfafa, wanda Dadin Kowa na cikinsa. Zubinsu kusan ɗaya ne ko'ina. Malamin makaranta mai ritaya shi ne sakatare, ɗan kasuwa ma'aji, mai unguwa ko liman uban ƙungiya. Inda suke tuntuɓe sananne ne. Ana tara kuɗi sai famfo ya lalace maimakon kowane wata, ma'aji na ajiya a aljihu babu asusun banki mai sa hannun mutum biyu, babu makanike a cikin kwamiti, sai robar famfo ta 'yan kuɗi kaɗan ta ajiye rijiya wata shida. Mata da yara ke ɗibar ruwan, su suka fara jin hannun famfo ya yi sako-sako, amma sau da yawa sunan mace a takarda kawai yake. A filin noman rani, in duk shugabannin masu gonakin bakin magudana ne, na ƙarshen layi ba ya ganin ruwa sai dare. In kuma ba a zauna da Arɗo an ware mashaya ba, shanu za su sauka ta gefen magudanar su rusa ta.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake gane teburin da ke da masanin ruwan ƙasa. Ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya ta rijiyar burtsatse. Wanda bai sani ba zai nemi hoton ruwa na feshi. Wanda ya sani zai nemi rahoton awon ƙasa da aka yi kafin haƙa, da bayanin irin ƙasar da aka ratsa mita bayan mita, da inda aka sa bututu mai tsaga, da tsakuwar da aka zuba kewaye da shi, da simintin da aka toshe saman da shi don kada ruwan masai ya gangara. Sai gwajin zuƙa na aƙalla awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa, sannan sakamakon ɗakin gwaji. Daga nan lissafi ne: rijiyar da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa tana ba da lita 3,600 a awa, in famfon sola ya yi awa bakwai an samu lita 25,200, a kan lita 30 ga kowane mutum ta ɗauki mutum 840. In aka zura mata famfon da ya fi ƙarfinta don a burge masu buɗe aiki, zai zuƙe ruwan har ya kai bakinsa, ya ja iska da yashi, ya ƙone kafin rani ya fita.