Ayyukan Sha'awa na Cikin Gida

Ayyukan sha'awa na cikin gida su ne ayyukan hannu da mutum ke yi a gidansa a lokacin hutu don ransa yana so, ba tare da an sa shi ba, kuma ba da su ya dogara wajen neman abin sawa a baki ba. Waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya sun haɗa da ɗinkin bargon ƙyallaye, aikin lambu da girki, sai kuma saƙa da ƴar sassaƙa. Ukun farko duk a matsayin aikin dole suka faro, domin sanyi ne ya kawo bargo, yunwa kuma ta kawo lambu da murhu. Sai da masana'anta da kasuwa suka sauke wa mutane da yawa wannan nauyi, sannan wasu suka koma wa aikin da ƙafarsu.

Yadda aikin dole ya zama na sha'awa

Sha'awa tana bukatar sarari, sarari kuma bai wadata ga talakan ma'aikaci ba sai a ƙarni na 20. A 1926 kamfanin Ford na Amurka ya mayar da makon aiki kwana 5, awa 40. Dokar ƙwadago da ƙasar ta kafa a 1938 ta kai wasu ma'aikata da yawa ga awa 40 a 1940. Kafin nan keken ɗinki, wanda Isaac Singer ya yi wa nasa samfurin rajista a 1851, ya riga ya rage wa mata wahalar allura da zare.

Akwai abin da bai kamata a manta ba. Wadda take ɗora tukunya sau uku a rana don ciyar da mutum goma ba sha'awa take yi ba, ko da kuwa tana son girki. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya. Tukunyar ɗaya ce, wutar ɗaya ce. Abin da ya raba mai sha'awa da mai aikin dole shi ne ikon ajiye ludayi ranar da ba ya so.

Ɗinkin bargon ƙyallaye

Wannan bargo hawa uku ne: yadin sama, auduga ko ulu a tsakiya, da yadin ƙasa. Ana bin su da ɗinki har su kama juna, kada audugar ta tattare wuri guda idan an wanke. Iskar da ke maƙale a cikin audugar ita ke riƙe ɗumi. Yadin saman galibi haɗe-haɗen ƙananan ƙyallaye ne da aka yanka murabba'i ko mai kusurwa uku, kuma a nan gwaninta take. Maɗinka kan bar bakin ɗinki na rubu'in inci, kimanin milimita 6. Kuskuren da bai kai faɗin zare biyu ba, idan ya maimaitu a ƙyalle 40, sai a tarar kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, dole a warware a sake. Shi ya sa ake cewa rabin aikin a wajen yanka da guga yake.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. Ɗaya daga cikin mafi daɗewar barguna da suka rage an ɗinka shi ne a tsibirin Sisili na Italiya a ƙarshen ƙarni na 14, yana ɗauke da hotunan labarin jarumi Tristan; wani ɓangarensa yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wani kuma a Bargello da ke Fulorans. A yankin Bengal na Indiya da Bangladash mata kan jera tsofaffin zannuwansu na sari su bi su da ɗinki, su kira shi kanta. A arewacin Japan kuma manoma sun yi ta faci a kan faci da yadi mai shuɗin baba, har tufa ɗaya ta ratsa kaka da jika.

An daɗe ana yi wa irin wannan aiki kallon tsumma kawai, kuma kallon bai yi adalci ba. A 1971 gidan zane na Whitney a Niyok ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha. A 2002 aka baje kolin aikin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, waɗanda yawancinsu jikokin bayi ne. Da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suka yi ɗinkinsu, ba sa bin ma'auni, amma tsarin launinsu ya girgiza masana zane. Bargo ya kuma zama abin makoki: a watan Oktoban 1987 an shimfiɗa wani a birnin Washinton mai fanni 1,920 don tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, kowane fanni ƙafa 3 a ƙafa 6, wato girman kabari.

Aikin lambu

Lambun sha'awa ba sai da fili ba. Tukwanen shuka a baranda ko bakin taga sun isa, muddin akwai huda a gindinsu don ruwa ya tsiyaye. Yawancin kayan lambu masu ƴaƴa suna son hasken rana na akalla awa 6 a yini, masu ganye kuwa suna jure ƴar inuwa. Sabon shiga ya fi kashe shuka da yawan ban ruwa fiye da ƙarancinsa, saboda saiwa ma tana numfashi, idan ƙasa ta jiƙe sharkaf sai ta ruɓe. Lambobi ukun da ake gani a jikin buhun takin zamani suna nuna naitirojin, fosforas da fotashiyam: na farko don ganye, na biyu don saiwa da fure, na uku don ƙarfin shukar baki ɗaya. Amma tsofaffin hannu sun fi ba da muhimmanci ga takin da ake haɗawa da ɓawo, busasshen ganye da ragowar kayan miya, domin shi ke gyara jikin ƙasar kanta, ta riƙe laima, tsutsar ƙasa ta samu wurin zama.

A Turai ƙananan filayen lambu na haya sun bunƙasa tare da biranen masana'antu. A Jamus ana kiransu da sunan likita Moritz Schreber, saboda wata ƙungiya da aka kafa da sunansa a Laifzig a 1864. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma lambu ya sake komawa aikin dole: Birtaniya ta kira jama'a su nome duk filin da suka samu, a Amurka kuwa an shuka lambunan gida kimanin miliyan 20.

Cikin ukun, lambu ne ya fi koya wa mutum cewa ba komai ke hannunsa ba. Maɗinki zai iya kwana yana aiki ya gama da wuri, amma iri ba ya tsira don mai shi yana gaggawa, kuma ƙwari ko ƙanƙara na iya share aikin wata uku cikin dare ɗaya.

Girki

Mai girkin sha'awa shi ne wanda ke tambayar dalili. Me ya sa gasasshen nama yake ja da ƙamshi, dafaffe kuwa ba ya yi? Masanin kimiyya na Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912 yadda suga da sinadaran furotin ke haɗuwa idan sun ji zafi. Haɗuwar tana sauri ne daga wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, ruwa kuma ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya. Wanda ya gane wannan ba zai cika kasko da nama ba, don kada ruwan da ke fita ya hana shi soyuwa. Haka burodi: yis yana cin sugan da ke cikin kwaɓi yana fitar da iska, danƙon fulawar yana riƙe ta, sai kwaɓin ya tashi.

Rubuta yadda ake girki ma tsohon abu ne. Ibn Sayyar al-Warraq ya tara ɗaruruwan girke-girke a Bagadaza a ƙarni na 10. Auna kayan haɗi da kofi da cokali a shafe kuwa, Fannie Farmer ta Boston ce ta yaɗa shi da littafinta na 1896.

Abin da ke jan mutane

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi nazarin yanayin da aiki ke shanye hankalin mutum har ya manta da agogo. A cewarsa hakan na faruwa ne idan wuyar aikin ta yi daidai da iyawar mai yi, kuma yana ganin sakamakon hannunsa nan take. Ɗinki da kwaɓi da cirar ciyawa duk suna da wannan siffa, wadda ta yi ƙaranci a aikin ofis, inda mutum zai yini gaban kwamfuta ya tashi ba abin da zai ɗaga ya nuna. Ana kuma amfani da aikin lambu a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a matsayin taimako ga masu jinya, ko da yake ba ya maye gurbin magani.

A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, fulawa da yis sun yi ƙaranci a shagunan Turai da Amurka, masu sayar da iri suka kasa biyan buƙata, waɗanda suka iya keke kuma suka fito da ragowar ƙyallayensu suka shiga ɗinka takunkumin fuska.