Ma'anar dandalin sada zumunta marar cibiya ɗaya

Dandalin sada zumunta marar cibiya ɗaya shi ne tsarin da babu wani kamfani guda da ke riƙe da asusun dukkan masu amfani da shi, da rubuce-rubucensu, da ikon korar wanda ya ga dama. Dandalin yana zaune ne a kan dubban kwamfutoci da masu harkar ke kira saba, kowace da mai ita da dokokinta, amma duk sun amince su riƙa musayar saƙonni bisa ƙa'ida ɗaya. Wanda ya buɗe asusu a sabar da ke Jamus zai iya bin wanda asusunsa ke kan sabar da aka kafa a Sakkwato, ya karanta rubutunsa, ya mayar masa da martani, kamar yadda mai layin MTN ke kiran mai layin Airtel ba tare da ya sayi sabon sim ba. A Facebook ko X (wato Twitter a da) ko TikTok kuwa, kowa sai ya shiga ta ƙofar kamfanin, kuma mai asusu a ɗaya ba ya iya yin magana da mai asusu a ɗayan.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a wannan fage ita ce ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a Janairun 2018. A kanta Mastodon ke aiki, manhajar da Eugen Rochko ya fitar a Jamus a 2016, haka ma PeerTube ta bidiyo da Pixelfed ta hotuna, kuma jimillarsu ake kira Fediverse. Bluesky, wani dandalin irin wannan, ta ɗauki wata ƙa'idar daban mai suna AT Protocol. Mutane da yawa sun fara jin waɗannan sunaye ne bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, lokacin da jama'a suka yi ta neman wurin komawa.

Mu a nan mun san abin da dogaro da cibiya ɗaya ke jawowa. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma umarni ɗaya ga kamfanonin sadarwa ya isa a rufe shi. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, masu sayar da atamfa da turare ta waya suka zauna jiran ikon Allah. Tsarin da ke da saba dubbai ba ya faɗuwa ta wannan hanya, domin idan ɗaya ta mutu sauran suna ci gaba da aiki. Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, babu wani dandali, mai cibiya ko marar cibiya, da zai isa ga mutanen da ke can.

A ganina babbar fa'idar tsarin ga mai jin Hausa tana wajen tace abin da ake wallafawa. Kowace saba masu ita ne ke kafa mata dokoki, su ne kuma ke yanke hulɗa da wata sabar idan ta zama matattarar zagi ko batsa. Malamai da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, alal misali, za su iya kafa tasu, kuma wanda zai yi hukunci a kan rubutu zai kasance mutumin da ya san bambancin wasan taubasai da cin mutunci, ya kuma gane habaici idan ya gan shi. Amma wannan iko nauyi ne. Dole a sami mai biyan kuɗin sabar kowane wata, galibi da dala, da mai duba ƙorafe-ƙorafe dare da rana. Mai sabar Mastodon yana iya karanta saƙon da aka aika a keɓe, domin ba a kulle shi kamar na WhatsApp ba, kuma wanda ya yi ƙaura zuwa wata saba yana tafiya da mabiyansa ne kawai, tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa bin sa.

Ga mu masu rubuta manhajojin waya, nan ne aikin yake. Twitter ya rufe ƙofarsa ga manhajojin da wasu suka rubuta masa a Janairun 2023, amma a Mastodon ƙofar a buɗe take, shi ya sa ake da irin su Tusky a Android, wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta ya kuma fassara ta. Matashin da ya iya Kotlin, yaren da ake rubuta manhajojin Android da shi, zai iya rubuta wadda ta dace da wayoyin Tecno da itel da ke hannun yawancin mutanenmu: ta ajiye abin da aka riga aka sauke don a karanta idan sabis ya ɗauke, kada ta buɗe hoto ko bidiyo sai an taɓa shi don data ta daɗe, ta ba saƙon murya muhimmanci, kuma wurin bincikenta ya gane cewa mai neman "ƙasa" yana iya rubuta "kasa" saboda allon wayarsa ba shi da ƙ. Rubutun ajami, da ke tafiya daga dama zuwa hagu, shi ma yana buƙatar a gwada shi tun daga farkon aiki.

A wayar ma cibiyar tana sake ɓullowa ta bayan gida. Yawancin mutane daga Play Store suke sauke manhaja, kuma sanarwar da ke shigowa wayar Android galibi ta hanyar Google take bi. Wanda ke son kauce wa hakan zai iya rarraba manhajarsa ta F-Droid, wata ma'ajiyar manhajoji da ba ta Google ba, ko ya ba da fayil ɗinta kai tsaye a tura ta Xender, amma sai ya tanadi hanyar da masu amfani za su riƙa samun sabuntawa, ya kuma nemo dabarar kawo sanarwa wadda ba za ta cinye batir ba a garin da caji kansa sai an biya.