Harshe a Rayuwa da Siyasar Yahudawan Zamani

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, tambayar wane harshe ne ya kamata Bayahude ya yi magana da shi ta zama tambaya ta siyasa, domin duk amsar da mutum ya bayar tana nuna inda yake ganin makomar al'ummarsa take. A lokacin, Ibrananci, wanda ɗan'uwan Larabci ne na kusa, harshen addu'a ne da karatun Attaura da rubuce-rubucen malamai, amma an shafe ɗaruruwan shekaru ba a renon yara da shi. Yahudawan gabashin Turai suna magana da Yidish, harshen da ya samo asali daga Jamusanci kuma ake rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 suna da Ladino, na Iraƙi da Yaman da Maroko kuwa Larabci ne harshen gidansu.

A shekarar 1897 aka kafa ƙungiyoyi biyu masu hannun riga da juna. A birnin Basel na Suwizalan, ɗan jarida Theodor Herzl ya tara taron farko na 'yan sahyoniya, masu neman ƙasar Yahudawa a Falasɗinu. A birnin Vilna kuma, wato Vilnius ta Lituweniya a yau, aka kafa Bund, ƙungiyar ma'aikata mai ra'ayin gurguzu, wadda ta ce Yahudawa su nemi haƙƙinsu a inda suke zaune, kuma daga baya ta riƙi Yidish a matsayin harshen talaka. Taron da aka yi a birnin Czernowitz, da ke Yukiren a yau, a 1908 ya ayyana Yidish a matsayin harshen ƙasa na Yahudawa, ba tare da ya ce shi kaɗai ne ba. Shi kansa Herzl bai yi zaton Ibrananci zai iya ɗaukar harkokin yau da kullum ba.

Wanda ya fi kowa dagewa a kan akasin haka shi ne Eliezer Ben-Yehuda, wanda ya isa Ƙudus a 1881, ya hana a yi wa ɗansa magana da kowane harshe in ba Ibrananci ba, ya kuma shafe rayuwarsa yana haɗa ƙamus da ƙirƙiro sababbin kalmomi, wasu daga tushen Larabci. Sai dai aikin mutum ɗaya ba ya rayar da harshe. Malaman makarantun yara ne suka yi wannan dakon. Ƙarfinsu ya bayyana a 1913, lokacin da ƙungiyar Yahudawan Jamus da ke gina kwalejin fasaha ta Technion a Haifa ta ce da Jamusanci za a koyar da kimiyya, malamai da ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa har aka janye wannan shawara. A 1922 mulkin Birtaniya a Falasɗinu ya amince da Ibrananci tare da Ingilishi da Larabci a matsayin harsunan hukuma.

Yidish ba a muhawara ya faɗi ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin sa sun kai kimanin miliyan 11, kuma mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka masu wannan harshe ne. Tarayyar Sobiyet, wadda da fari ta ɗaukaka shi ta danne Ibrananci, ta kashe manyan marubutansa a Mosko a 1952.

Bayan kafa Isra'ila a 1948, aka buɗe azuzuwan koyar da baƙi Ibrananci cikin gaggawa, aka kuma ƙarfafa wa jami'ai gwiwa su sauya suna, kamar yadda Golda Meyerson, wadda daga baya ta zama firaminista, ta koma Golda Meir. Nasarar ta zo da asara mai zafi, domin jikokin Yahudawan Bagadaza da yawa sun tashi ba sa jin Larabcin kakanninsu, ana kallonsa a matsayin harshen abokan gaba. Yau Yidish yana raye ne musamman a unguwannin Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a Brooklyn da Antwerp da Ƙudus, waɗansunsu ma suna ƙyamar amfani da Ibrananci, harshe mai tsarki, wajen ciniki. A 2018 majalisar dokokin Isra'ila, Knesset, ta zartar da dokar da ta mai da Ibrananci harshen ƙasa shi kaɗai, ta bar wa Larabci matsayi na musamman, matakin da Larabawa 'yan ƙasar, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, suka yi tir da shi.