Tsabtace ruwan sha da adana shi a gida

Tsabtace ruwan sha a gida shi ne duk matakin da iyali ke ɗauka don kashe ko cire ƙwayoyin cuta daga ruwan da suka ɗebo a rijiya, rafi, famfo ko wanda suka tara na sama. Adanawa kuwa ita ce kiyaye ruwan daga sake gurɓata har ya kai baki. Masana lafiyar al'umma ba sa raba biyun, domin ruwan da aka tafasa da safe yana iya komawa gidan jiya kafin rana ta take, muddin an bar shi a buɗe hannaye suna shiga.

Babban abin tsoro a ruwan sha shi ne bahayar mutum ko ta dabba. Ta nan kwalara, taifot, atuni, ciwon hanta nau'in A da shan inna ke samun hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke ɗibar ruwan sha daga wurin da bahaya ta gurɓata, kuma gudawar da irin wannan ruwa ke jawowa tana kashe kimanin mutum 505,000 a shekara. Ma'aunin hukumar shi ne kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ta shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Wannan ba abin da ido zai tantance ba ne: ruwa na iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da cuta. A 1854 likita John Snow ya bi sawun annobar kwalara a Landan har zuwa famfon titin Broad, wanda mutanen unguwar ke son ruwansa.

Raba ruwa da laka

Ruwa mai gauraye da laka sai an fara share shi, don ƙwayoyin cuta na laɓewa jikin ƙurar da ke yawo a ciki, magani da hasken rana su kasa cim musu. Ana barin ruwan ya kwanta a tsiyaye na sama, ko a sa alif ya dunƙule dattin ya nutse, ko a tace da ƙyalle mai tsabta. Ƙyalle ba ya tare bakteriya ita kaɗai, amma yana tare ƙananan halittun ruwa da take maƙalewa a jikinsu. Binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa a ƙauyukan Bangaladash, tace ruwa da tsohon zanen da aka ninka sau huɗu ko fiye ya rage kwalara da kusan rabi. Irin wannan tacewa ta taimaka ƙwarai wajen karya lagon kurkunu, wanda ya sauka daga kimanin mutum miliyan 3.5 a 1986 zuwa ƙasa da 20 a 2023.

Tafasawa, kulorin da rana

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas wajen kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai ɗumi ba tafasa ba ne: ana so ruwan ya riƙa ɓararraka har minti 1, ko minti 3 a tsaunukan da suka haura mita 2,000, inda ruwa ke tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Illarta biyu ce. Tana cin makamashi, sannan ba ta barin wata kariya a cikin ruwan. Da ya huce, duk abin da ya faɗa ciki zai rayu. Shi ya sa ya fi kyau a bar shi ya huce a tukunyar da aka tafasa shi da murfinta a kai, ba a yi ta juye shi daga wannan kwano zuwa wancan ba.

Kulorin, ko na ƙwaya ko na ruwa, yana da abin da tafasawa ba ta da shi: ragowarsa na zama cikin ruwan yana ci gaba da gadi. Ana zuba adadin da aka rubuta a jikin kwali, a girgiza, a rufe, a jira minti 30. Abin da ake nema shi ne a bar ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, kuma ɗan warin da wasu ke ƙyama shi ne alamar maganin yana nan. Amma akwai ƙwayar da ke gagararsa, wato Kiriptosporidiyom, wadda ta sa fiye da mutum 400,000 rashin lafiya a birnin Milwaukee na Amurka a 1993. Ita sai tafasawa ko matata mai kyau.

Hanyar rana ta fi sauƙi. Ana cika gorar roba mai haske, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan da gajimare sosai. Aftim Acra ne ya fara gwada ta a Beirut, cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke Suwizalan kuma ta inganta ta. Ba ta aiki a ruwa mai laka ko a gorar da ta dushe. Akwai kuma matatar yumɓu mai kama da tukunya, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Guwatemala a 1981, da matatar yashi ta gida. Dukansu suna rage cuta sosai, amma tsaga guda a jikin yumɓun ta isa ta ɓata aikin.

Duk waɗannan yaƙi ne da abu mai rai. Ba sa cire gubar dalma, arsenik, naitiret ko maganin feshi. Tafasawa ma ƙara wa gubar ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ke tashi tururi, ita tana nan. Miliyoyin mutane a Bangaladash sun sha arsenik daga rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa don kare su daga gudawa. Irin wannan ruwa sai gwaji da matata ta musamman, ko canza wurin ɗiba.

Adanawa

A nan ne aka fi yin asarar wahala. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna cewa ruwan da ke cikin gida yakan fi wanda ke bakin famfo gurɓata, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Moɗar da aka ajiye a ƙasa, yaro ya ɗauka ya sha, ya mayar da ita cikin randa har yatsunsa suka taɓa ruwan, ta gama lalata abin da aka tafasa. Hakan na faruwa sau da yawa a rana ba tare da kowa ya lura ba.

Mazubi mai kyau yana da siffa uku: baki ƙarami da hannu ba zai shiga ba, murfi mai kamawa, da kan famfo ko bakin tsiyayawa, yadda ruwa zai fito ba sai an tsoma komai ba. Inda babu sai mai faffaɗan baki, ana ware masa ludayi mai dogon hannu, a rataye shi, ba a sha da shi, ana zubawa ne a kofi. Mazubin ya zauna a kan wani abu mai tudu, a inuwa, nesa da dabbobi da banɗaki. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko maganin ƙwari ba ta komawa ta ruwan sha ko an wanke ta sau goma, domin roba na shanye su.

Wanki ma na cikin adanawa. Santsin da ake ji idan an shafa cikin tulu ko jarka, shimfiɗar ƙwayoyin cuta ce, kuma tana cinye kulorin kafin ya yi aikinsa. Ana zubar da ragowar ruwa, a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka tsabtace. Ƙara sabon ruwa a kan tsoho kullum yana raya santsin ne kawai. Jarka mai ƙaramin baki ta fi kare ruwa amma ta fi wuyar wankewa, don haka ake girgiza ta da ruwan kulorin. Murfi kuma yana da wani amfanin na daban: sauron Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, ya fi son yin ƙwai a ruwa mai tsabta da aka bari a buɗe.